'Yan Acabar Kan Teburi

A shekarata ta biyu a Guangzhou na fara wannan wasan, kuma ruwan sama ne ya kai ni. Karatun injiniyan lantarki nake yi a lokacin. Ranar Asabar kuma nakan sauka unguwar Xiaobei in yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, in raka su wajen masu kaya, in tsaya a kan ciniki har a ɗaure kwali. Wata Asabar bayan la'asar na rabu da wani Alhaji da ya zo sarin kayan wuta, na kama hanyar makaranta, sai ruwa ya ɓarke irin nasu na can, wanda ba ya jiran mutum ya buɗe lema. Na faɗa wani tsohon bene kusa da tashar bas. A ƙasa masu sayar da littattafan rubutu ne da biro. Daga sama kuma ina jin ihu da dariya, da ƙarar wani abu yana gangarawa a kan katako. Tun da ba abin da zan yi sai jira, na hau.

Ɗaki ne dogo, da manyan tebura. A kan kowane teburi an gina gari ɗan ƙarami: rusassun gidaje, gadar da ta karye, gangunan mai, ƙonannun motoci, duk ba wanda ya fi tafin hannu. Tsakanin kangayen kuma ga 'yan mutane na roba, tsawon kowannensu bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, an yi musu fenti har da maɓallan riga. Manyan mutane ne suka kewaye teburan, wani ma da furfura, kowa riƙe da tef ɗin awo irin na tela. Sai mutum ya auna, ya matsar da sojansa, ya watsa 'ya'yan ludo cike da hannu, wurin ya kaure.

Mai shagon ya taso. Siriri ne, da gilashi mai kauri, duk yatsunsa fenti. Ya ga baƙar fata a bakin ƙofa, ya fara haɗa Turancin da yake da shi, na ce masa da harshensu, "Lawban, ruwa nake fakewa." Lawban shi ne mai gida ko mai shago a wajensu. Ya saki fuska, ya jawo mini kujera.

Ban zauna ba. Na bi kantocin ina kallo, har na zo kan wani kwali mai hoton mutane a kan babura, suna keta hamada, ƙura na tashi a bayansu. Na daɗe riƙe da shi. Ni ɗan Kano ne, na tashi a gidan da babur yake kwana a zaure, yayana kuma acaba yake yi tun ina firamare. A daidai lokacin an hana babura shiga tsakiyar Guangzhou, sai ka yini a titi ba ka ji kukan ko ɗaya ba.

"Su wane ne waɗannan?" na tambaye shi.

Ya ce gungun 'yan daba ne a wata duniya da yaƙi ya cinye, ba gwamnati ba doka, kowa da abin hawansa. "Suna da gudu," in ji shi, "amma ba sa jure duka. Sabon shiga ba ya jin daɗinsu. Ɗauki masu sulke."

Na ce waɗannan nake so. Ya ɗaga kafaɗa, ya haɗa mini da gam, da burushi biyu, da 'yan kwalaben fenti.

Da na buɗe kwalin a ɗaki na ɗauka kuskure aka yi. Ba babur ko ɗaya a ciki. Sai firam-firam na roba ruwan toka, kowanne maƙale da gutsattsari: rabin tanki a nan, ɗayan rabin a can, tayoyi, hannuwa, kawuna jere kamar an shanya. Babura shida ne da mahayansu, amma sai ka yanko kowane yanki da kanka, ka kankare, ka liƙa. Na ɗauki rezar aski na fara. Na farkon da na haɗa, tayar gaba ta karkace, gam ya zubo ya narkar da rabin fitila, yatsana biyu suka manne da juna. Na ajiye shi a kan teburi, ya faɗi. Na tayar da shi, ya sake faɗuwa.

Abokin ɗakina mutumin Damagaram ne, likitanci yake karanta, ya girme ni, kuma shi ke jan mu salla in mun taru. Yana zaune a kan gadonsa da littafi, amma na san ba karatun yake yi ba. Can ya ce, "Malam, mene ne wannan?"

"Wasa ne. Kamar dara, amma da sojoji."

Ya taso, ya ɗauki kai ɗaya daga cikin waɗanda na yanko, ya kai shi kusa da ido. Yana da hanci, da gira, da baki a buɗe yana ihu.

"Wannan fa surar mutum ce," ya ce. "A ɗakin da muke salla."

Ban ji haushi ba, domin abin ya taɓa zuciyata tun a shagon, na danne shi. Na ce ba bauta musu zan yi ba. Ya ce ya sani, ba abin da yake nufi ke nan ba. Na tattara komai na mayar kwali, na tura ƙarƙashin gado.

Kwalin ya yi kwanaki a nan. Ranar Juma'a bayan an sauko na tambayi wasu dattawa biyu da nake ganin girmansu, ɗaya ɗan kasuwa, ɗaya ya daɗe yana koyarwa kafin ya shiga harkar kaya. Amsarsu ba ta zo ɗaya ba. Na dawo na yi ta juya maganar, har na tsayar wa kaina abin da zan iya tsayawa a kai. Na sami abokin ɗakina na ce masa, ba zan bar wa ko ɗayansu fuska ba. Wanda ba shi da hular kwano mai rufe fuska, zan naɗe masa kai da ƙyalle, yadda masu babur suke yi saboda hayaƙi. Ba zan jera su a fili don ado ba, in na gama aiki su koma kwali. Kuma teburin zan juya shi ya bar alƙibla.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ni dai ban gamsu duka ba. Amma na ga ba wasa ka yi da maganar ba. Tsakaninka da Ubangijinka."

Washegari na tarar da hantsaki da wata siririyar wuƙar fiɗa a kan teburina, daga cikin kayan aikinsu na makaranta. Ya ce rezar nan za ta raba ni da yatsa, shi kuma ba ya son ya fara ɗinki a kaina.

Da na koma kan aikin sai wata matsalar ta fito. Mahayan nan ban san su ba. Rigunan fata ne a jikinsu, da ƙusoshi a kafaɗa, da ƙoƙon kan mutum a gaban kowane babur. Baburan ma dogaye ne, mutum na kwance a kai kamar mai hutawa a kujerar shan iska. Ban taɓa ganin wanda ya hau irinsu ba. Na yi tunani, in da duniya za ta lalace yadda mai shagon ya faɗa, a rasa gwamnati a rasa mai, su wa za su rage a kan titi? Ni na san su. Su ne waɗanda suke ɗaukar buhu uku da mutum biyu a kan ƙaramin babur, su ratsa tsakanin tirela da kwata ba su sauke ƙafa ba.

Na koma shagon na gaya wa lawban abin da nake so in yi, wato in mayar da su 'yan acaba irin na gida. Ya ce ana yi, har ma akwai sunan da suke kiransa, amma aikin waɗanda suka daɗe ne. Ya ce in fara haɗa su yadda suke, in koyi fenti, baɗi sai in yi nawa salon. Na ce masa ba ni da sha'awar yi wa waɗannan fenti. Ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin kanta, ya ɗauko mini wani irin danƙo mai launi biyu, shuɗi da rawaya, wanda in ka murza su tare sai ya koma kore, ka siffanta abin da kake so kafin ya daskare. Ya ƙara da cewa in damina ta tsaya za su yi gasa a shagon, kowa da rundunar da ya yi wa fenti da hannunsa. Na ce ya sa da ni.

Akwai wani shago a benen Tianxiu inda muke buga waya gida. Daga nan na kira yayana. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida na ce, "Yaya, madubin babur ɗinka, waje yake kallo ko ciki?"

"Wane irin zance ne wannan? Daga Sin ka kira ni ka tambayi madubi?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya har yana tari, na ji yana gaya wa na kusa da shi cewa an tura yaro karatu ya koma wasan 'yartsana. Na bar shi ya gama. Da ya gama kuwa sai ya kasa yin shiru.

"To ai madubi lanƙwasa shi ake yi ciki, in ba haka ba mota ta tafi da shi. Wasu ma cire ɗaya suke yi. Kujera kuma ka ƙara mata tsawo har kan kariyar ɗora kaya. Kada ka manta da robar ɗaure kaya, ta tsohon tub ɗin taya, baƙa, a naɗe a baya ko da ba kaya. Ka sa wa tanki riga. Kuma wallahi in ka yi babur ba rubutu a robar taya ta baya, ba ɗan acaba ka yi ba."

"Takalmi fa?"

"Silifas mana! Wa ya ga ɗan acaba da but?"

Na fito daga benen kaina cike da hotuna. Daga ranar na zama mai tsince-tsince. In na raka 'yan kasuwa manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan ta yamma, idona na ƙasa, ina neman ƙyallayen da masu shago suke zubarwa, masu laushi waɗanda za su sha gam su kwanta. Siririyar wayar wuta daga ɗakin gwajinmu ta zama kariya da ƙarfen taka birki. Robar goge fensir na yanka ta zama jarkokin mai. Balan-balan baƙa na tsaga siriri-siriri ta zama robar ɗaure kaya. Baburan kuwa sai da na yanke kowanne gida biyu, na rage tsawonsa, na ɗaga kan, sannan na sake haɗewa. Biyu sun lalace a hannuna har sai da na yi musu ƙashi da waya a ciki. Na kankare ƙusoshin kafaɗa, na lulluɓe rigunan fata da danƙo, na ja masa layi da bakin allura har ya zama 'yar shara da iska ke kaɗawa. Silifas ne suka fi ba ni wuya. Sai ka yanke but ɗin gaba ɗaya, ka gina ƙafa, ka fitar da yatsu biyar a wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na yi, na ɓata, na sake, har na daina jin haushi in ya lalace.

Ɗaya daga cikinsu na ɗora masa fasinja a baya, ya juya yana kallon inda suka fito, riƙe da gora. Shi ne na fi so.

Da aka zo fenti na je na ce wa lawban ina son launin fata. Ya miƙo mini kwalba, ruwan hoda-hoda. Na ɗora hannuna a kan kanta kusa da ita. Ya dubi kwalbar, ya dubi hannun, kunya ta kama shi.

"Meyo," ya ce. Babu ke nan.

Ya kwaso duk ruwan ƙasar da yake da su, na fentin itace da na laka da na sirdin doki, muka zauna muna gaurayawa a kan farantin tangaran, ina shafawa a bayan hannuna muna dubawa a bakin taga. Wanda ya yi daidai ya fito ne da muka ɗiga ja kaɗan da shuɗi kaɗan a cikin ruwan ƙasa mai duhu. Hannuwa da ƙafafu kawai zan shafa wa, tun da fuska a rufe take, amma na ƙi yarda su fito da launin katako.

Kafin a yi wa irin waɗannan fenti sai an fesa musu shimfiɗa, baƙa ko fara, daga gwangwani, don fentin ya sami abin kamawa. Lawban ya gaya mini haka. Abin da bai gaya mini ba, don a wajensa kowa ya sani, shi ne ba a feshi a lokacin laima. Akwai wasu makonni a garin nan, kafin zafi ya kankama, da iska take cika da ruwa har bango ya riƙa zufa, madubi ya dushe, wanki ya ƙi bushewa ya fara wari. A irin wannan rana na fita baranda da yamma, na jera su shida a kan kwali, na feshe su tas. Na koma ciki ina jin daɗi.

Da safe na ɗauko su na ga kamar an tsoma su a gari. Feshin ya daskare tun a iska kafin ya sauka, ya zauna musu ƙurji-ƙurji. Layukan riga da na ja da allura sun cike. Yatsun ƙafa sun zama dunƙule ɗaya. Na taɓa tanki, hoton yatsana ya zauna a kai.

Na zauna a bakin gado riƙe da mai fasinjan. Abokin ɗakina ya dawo daga wanka ya gan ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce, "Innalillahi. Duka?"

"Duka."

Na kai wa lawban. Ya juya ɗaya a hannu, ya tsotsi haƙori, ya ce in bar gasar bana. Ya ce zai ara mini rundunarsa in yi wasa da ita, ba wanda zai ce komai. Na gode masa, na ce da nawa zan shiga. Ya ce akwai ruwan da yake cire fenti, amma mai ƙarfin yana cinye robar, mara ƙarfin kuma ya ƙare masa.

A bas ina komawa na tuna wani abu da na sha gani a garejin unguwarmu: in man birki ya ɗiga a jikin mota, fentin wurin yakan tashi ya yi ɓawo, amma robar da aka zuba man a ciki ba abin da yake samunta. Na sauka a tasha ta gaba, na nemi masu kayan gyaran mota, na sayi ƙaramar gora. Na fara gwadawa da guntun firam ɗin da na fesa tare da su. Ya kwana a ciki, da safe na goga da tsohon burushin haƙori, feshin ya saluɓe, robar na nan lafiya.

Na jiƙa su a kwalbar zuma, na rufe, na ajiye a baranda. Cirewar ba ta zo da sauƙi ba. Man ya sassauta gam, hannuwa suka zube, kariya biyu suka rabu da baburansu, ƙyallayen da na naɗa duk suka saɓule. Abokin ɗakina ya kawo mini safar hannu ta asibiti, ya tsaya a kaina sai da na sa. Na bi kowane lungu da tsinken sakace. Abin da ya karye na sake ginawa, kuma na lura karo na biyu hannuna ya fi sanin hanya. Silifas ɗin da suka cinye mini mako a da, yanzu a zama ɗaya nake fitar da ƙafa biyu.

Saura maganar laima, don ba ta tafi ba, ni kuma ba zan jira ta ba. Na samo babban kwali daga wajen masu ɗaure kaya a Xiaobei, na huda shi ta sama, na saka ƙwan fitila a ciki, na liƙe gefuna. In ƙwan ya ɗan jima a kunne cikin kwalin yakan bushe ya yi ɗumi. Na daina feshi gaba ɗaya. Da burushi na shafa shimfiɗar, tsararo-tsararo, in shafa in saka a kwali, in ta bushe in ƙara. Ta kwanta sumul.

Fentin kansa ya koya mini zama. Na gano in na kafa gwiwar hannu biyu a teburi, na haɗa tafukan hannuna suna taɓa juna, rawar da hannu yake yi takan ragu. In zan ja siririn layi sai in riƙe numfashi. Tankuna na yi musu ja da shuɗi irin na baburan da ake kai mana gida daga nan. Na sa tsatsa a salansa, na sa baƙin mai a gefen inji, na goga ruwan ƙasa a tayoyi da gindin wando. Riguna ban yi biyu iri ɗaya ba, kuma duk na dusashe su kamar sun sha rana da wanki. Rubutun robar baya na bari a ƙarshe. Na rage gashin burushi har ya saura 'yan sili. Na farko na rubuta masa "Sai Haƙuri", harafin ƙarshe ya faɗo gefe, na goge na sake. Wani "Ba Fashi", wani "Sannu Dai". Na mai fasinja kuwa "A Dawo Lafiya", wanda da ƙyar ya shiga.

Ranar gasar shagon ya cika har matakala. Na buɗe kwalina a kan teburin da aka ba ni, na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Hayaniyar kusa da ni ta ragu, mutane suka sunkuyo. Wani ya tambaya jarkokin nan na mene ne, wani ya ce a ina na sayi wannan samfurin, bai taɓa ganinsa ba.

Wanda aka haɗa ni da shi ma'aikacin banki ne, mai ƙiba, ba ya dariya, kuma an ce ya fi kowa sanin dokokin wasan. Rundunarsa sojoji ne masu sulke, fentinsu fari ƙal kamar tangaran. Ya dubi nawa, ya kira lawban.

"Doka ta ce abin da soja yake riƙe da shi a gani a jikinsa," ya ce. "Ina bindigoginsu? Wannan sanda ce. Wannan kuma jarka."

Na ce sandar gora ce, a matsayin kulkin da littafin wasan ya ba su take. Jarkar kuma fetur ce, ita ce bam ɗin wuta. Biyu suna da bindiga, na nuna masa, doguwa irin ta maharba, a rataye a baya.

"Ni ban san wannan ba. In wasa ya yi zafi ta yaya zan gane wane ne wane?"

Maganarsa gaskiya ce, na kuma ga lawban yana jinjina ta. Na ce to ga shawara: kafin mu fara zan bi su ɗaya-ɗaya in faɗa masa abin da kowanne yake ɗauke da shi, kuma duk lokacin da ya tambaya a tsakiyar wasa zan sake faɗa. In ya ruɗe saboda siffarsu ya yi kuskure, ya janye tafiyarsa ya sake. Ya yi ɗan tunani, ya gyaɗa kai.

An ajiye gangar mai a tsakiyar kangon gari, wanda ya ɗauke ta ya fitar ta gefensa shi ya ci. Ni da na yi watanni ina fenti, sau biyu kawai na taɓa gwada wasan kansa. Na yi abin da zuciyata ta ba ni, na saki baburan duka a babban titi, kai tsaye. Ya bar ni na matso. Sannan ya auna da tef ɗinsa a natse, ya watsa 'ya'yan ludo, ya ɗauke mini biyu a tashi ɗaya. Zagaye na gaba ya ƙara ɗaya. Na karkatar da sauran ta bayan wani rusasshen bene, na jefa jarka a kan sojojinsa uku da suka taru a lungu, ludo ya ba ni, biyu suka faɗi. Mutanen da ke bayana suka yi ihu. Mai fasinja ya kutsa ta ƙarƙashin karyayyar gada ya sure gangar, ya juyo. Saura tafiya ɗaya ya fita. Mutumin ya sunkuya, ya daidaita idonsa da teburi, ya ga akwai 'yar kafa tsakanin bango biyu da maharbinsa zai iya hango ni. Ya watsa. Ya same ni.

Na kwantar da babur ɗin a gefensa, yadda ake yi, na miƙa masa hannu. Ya karɓa, har yanzu ba murmushi. Yana mayar da sojojinsa cikin akwati ya ce, "Babur ba tankar yaƙi ba ce. Me ya sa ka biyo tsakiyar titi?"

Na ce ban san wata hanyar ba.

"Asabar mai zuwa ka zo da wuri," ya ce.

Na zo. Ya riga ni, har ya jera gari a kan teburi. Bai fito da sojojinsa ba, nawa ya ce in fito da su. Ya nuna mini yadda ake bin bayan gini, yadda ake raba gungu biyu don abokin karawa ya rasa wanda zai fuskanta, yadda ake auna nisan bindigarsa a tsaya a bayan iyakarta har sai lokacin shiga ya yi. Sannan muka buga, ya cinye ni. Asabar ta gaba ma ya cinye ni. Na roƙi wani ɗalibi ɗan Zariya ya riƙa karɓar mini tafintar safe, don in sami isa shagon kafin teburan su cika. Haka muka yi ta yi har zafi ya wuce aka fara sa rigar sanyi, yana ci, ina komawa ɗaki ina jera kwalaben fenti a matsayin gidaje, ina sake bin inda na yi kuskure.

Ranar da na fara cin sa ba kowa a shagon sai mu da lawban, yana cin taliyarsa a bayan kanta. Na aika uku ta hagu suka yi ta hayaniya a bayan kango, ya juya rundunarsa gaba ɗaya wajensu. Sauran suka zagayo ta dama, suka ɗauki gangar, suka fice kafin ya waiwayo. Ya tsaya yana kallon teburin, hannu a ƙugu. Ya auna inda na bi da tef, ya sake aunawa, ya ga daidai ne.

"Lawban," ya ɗaga murya, "ya ci."

Lawban ya ɗago da taliya a baki, ya buga kanta da tafin hannu.

Mutumin ya tattara sojojinsa ya mayar da su gefensa na teburi, ya gyara gadar da ta goce, ya mayar da gangar tsakiya.

"Sake," ya ce.

Na duba taga, da sauran rana kafin magariba. Na ɗauko baburana na fara jerawa.